Shingen Rogo a Hanyar Rake

Shekarar da aka tura ni koyar da tarihi a wata sakandare ta wajen Kiru ban kama haya ba. Yayan mahaifiyata yana zaune a wani ƙauye kusa da Dangora, kuma daga gidansa babur yana kai ni makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa, sai na tare a shagon ƙofar gidansa. Kawu nake ce masa. Shi kuma tun ranar da na sauke jakata ya daina kiran sunana, ya koma ce mini Malam, da irin muryar da ake kiran yaro ango in ya sa sabuwar riga.

Sana'ar Kawu mazarƙwaila ce. Yana da rumfa a kan tudun da ke kallon fadama, da injin matse rake irin na da wanda doki ke zagayawa da shi, da wani ƙaton kaskon ƙarfe da ake dafa ruwan raken a ciki har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Tukar raken da aka matse ita ake shanyawa a hura wuta da ita. Daga ƙarshen kaka har zafi ya kankama, duk mai neman Kawu can zai same shi, yana zaune a kan buhu yana faɗa da doki.

Rake yana da wani hali. In an sare shi ba ya son jira, kwana kaɗan ruwansa zai ja baya ya fara tsami. Mota kuwa ba ta shiga fadamar ko da rani, domin ƙasar tana da laushi a ƙarƙashi. Saboda haka mai amalanken shanu shi ke riƙe da wuyan kowa, manomi da mai inji. A lokacin mutum ɗaya ne ke da su, shi da 'ya'yansa: wani Bafulatani da rugarsu take bayan fadamar tun kafin a haife ni, suna noma suna kiwo. Mu 'ya'yan gidan Kawu, Baffa muke ce masa.

Kawu da Baffa tare suka tashi, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya kira ɗaya da sunansa ba. Baffa zai tsayar da shanu a bakin rumfa ya ce, "Kaɗo, kana nan kana lasar zaƙi, mu muna shan rana?" Kaɗo shi ne abin da Fulani ke ce wa Bahaushe, amma a bakin Baffa ya zama sunan Kawu shi kaɗai. Kawu ya ce, "Ɗan Fillo, sauke kayan mutane ka zo ka sha, na san yunwa ce ke sa ka surutu." Sai ya ɗebo masa ruwan rake mai ɗumi a moɗa. Kawu ya je Makka ya dawo, duk gari na ce masa Alhaji, Baffa ya ce shi bai ga abin da ya canja ba sai haƙori ɗaya.

Akwai kuma abin da ya ƙara ɗaure su. Shekaru kaɗan kafin zuwana wani attajiri daga Tudun Wada ya kafa injin dizal a bakin titi, ya ce shi zai riƙa saye raken fadamar gaba ɗaya. Injin nasa yana cinyewa a wuni abin da dokin Kawu zai yi kwana da kwanaki bai gama ba. Amma raken sai an fito masa da shi, Baffa kuwa ya ce shanunsa ba su san hanyar wannan inji ba, rumfar Kaɗo suka sani. Attajirin ya yi lallashi, ya yi barazana, ya gwada jakuna, daga baya ya kwance injinsa ya tafi. Kawu da bakinsa yake ba da labarin, yana ƙarawa da cewa ba don Ɗan Fillo ba da tuni shi ma yana yi wa wani ƙwadago.

Shagona yana da zafi, don haka bayan la'asar nakan ɗauki littattafaina in tafi rumfa in shirya darasin gobe. A zangon nan abin da ke gabana shi ne yadda ƙasashen Turai suka yi ta kokawa a kan teku, ƙarnuka kafin ƙafar Bature ta taka Kano da sunan mulki. Ɗalibaina ba su damu ba. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi na dam ɗin Tiga ba, ba shi da abin da zai yi da yaƙin jiragen ruwa sai gyangyaɗi. Ban ga laifinsu sosai ba, ni ma ban taɓa ganin teku ba, na dai iya zana shi a allo.

Kawu ne ya zama ɗalibin da ban samu a aji ba. Wata rana ya ce, "Malam, wai me kake karanta wa 'ya'yan mutane ne?" Na ce labarin yadda Ingila ta yi ƙarfi. Ya ce ai wannan ba labari ba ne, Ingila da ƙarfinta aka halicce ta. Na ce a'a, da fari ƙaramar ƙasa ce a tsibiri, tana sayar da gashin tumaki. Sifaniya da Fotugal ne manya. Su suka riga kowa tsallaka teku, har suka ja layi a taswira suka raba duniya tsakaninsu, ba tare da sun tambayi mutanen da ke cikinta ba. Jiragen Sifaniya suna dawowa shaƙe da azurfa, Ingila tana gefe tana kallo.

"To ya aka yi ta tashi?" in ji shi.

Na gaya masa yadda matuƙan jiragen Ingila suka riƙa tare jiragen azurfar nan a hanya suna kwashewa, da sanin sarauniyarsu, wadda ita ma take karɓar kasonta. Ya ce, "Fashi ke nan da izinin hukuma." Bai faɗa da ƙyama ba, ya faɗa kamar yadda ake yaba wa mutumin da ya iya ciniki.

Da muka zo kan tsibiran ƙetaren teku da Turawa suka mayar gonakin rake har ludayi ya ajiye. Bai taɓa zaton sarakunan Turai sun zubar da jini a kan abin da shi yake dafawa a kasko ba. Na ce Ingila da Faransa da Holan sun yi ta ƙwace tsibiran nan daga hannun juna, wani tsibirin ma ya canja ubangida sau da yawa. Ya ce, "Wa yake sare musu raken?" Na ce bayi ne da aka kwaso daga gaɓar tekun yammacin Afirka, baƙaƙe irinmu, kuma da yawansu ba sa daɗewa a raye a gonakin. Ya yi salati. Sannan ya tambaye ni ko injinan nasu doki ke ja ko shanu. Haka Kawu yake, duk labarin da ka ba shi sai ya nemi inda mai inji yake zaune ya zauna a can.

Ƙasar da ta fi ba shi sha'awa Holan ce. Na ce ita ma ƙarama ce, ɗariƙarsu ta addini kusan ɗaya da ta Ingila, kuma tare suka ja daga da Sifaniya har ƙarfinta ya fara raguwa. Mutanen Holan ba su da ramukan azurfa, amma suna da jirage, su ne 'yan dakon duniya, har amfanin gonakin Ingila na ƙetare su suke ɗauka. Kawu ya kwashe da dariya ya ce, "Ɗan Fillo ke nan." Da Baffa ya iso da lodin yamma Kawu ya ce masa, "Ashe kai mutumin Holan ne ba ka faɗa ba." Baffa ya ce shi bai san su ba, amma in suna da shanu to mutanen kirki ne.

Bayan 'yan kwanaki na zo kan dokar da ta raba su. Ingila ta yi doka cewa kayan da za su shiga ƙasarta ko yankunan da ta mallaka ba za a ɗauko su a jirgin ɗan dako baƙo ba. Kowa ya san da wa ake. Yaƙe-yaƙe suka biyo baya, kuma a hankali dakon ya koma hannun Ingila.

Kawu ya ce, "Ba aminai ba ne?"

Na ce, "Aminai ne lokacin da Sifaniya take tsaye a kansu."

Ya ce in maimaita masa dokar. Na maimaita, har ina jin daɗi wai na samu mai sauraro.

Hanyar da amalanke ke bi daga fadama zuwa rumfa da titi ta ratsa gefen gonar Kawu ta tudu. A wajenmu in an cire amfani gona ta zama ta kowa, mutum da dabba su ratsa yadda suke so. Gona ɗaya ce ba ta shiga wannan: wadda aka dasa wa rogo aka yi mata shinge. Ita ko mai unguwa ba ya cewa a buɗe, domin rogo yana nan a ƙasa har rani. Kawu bai taɓa noman rogo ba, yana cewa ƙwarnafi yake sa shi. A daminar da ta biyo ya dasa shi a daidai inda hanyar ta bi, ya kewaye da ƙaya da kara, ya bar ƙofa ɗaya mai faɗin amalanke. Kafin kaka ya sayi bijimai da amalanke nasa, ya ɗora 'ya'yansa a kai.

Ina wurin ranar da Baffa ya iso ƙofar shingen da lodin farko na shekarar. Ya ɗauka wasa ne. Daga kan amalanke ya ɗaga murya ya ce, "Kaɗo, zo ka buɗe wa iyayen gidanka."

Kawu ya taso daga rumfa, bai yi dariya ba. Ya ce, "Rogo ne a ciki. Shanu za su yi mini ɓarna."

Baffa ya dubi sababbin bijiman da ke ɗaure a cikin shingen. Ya ce, "Su naka ba sa cin rogo?"

"Nawa na san halinsu."

Baffa ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya sauko ya kama akalar shanunsa. Juya amalanke mai lodi a ƙuntataccen wuri aiki ne, sai da ni da wasu manoma muka kama masa.

Da yamma na yi wa Kawu magana. Na ce wannan bai dace ba. Ya ce, "Malam, ba kai ka ce haka aka yi ba?" Na ce na faɗa masa abin da aka yi ne, ban ce a yi ba. Ya ce, "To waɗanda suka yi ɗin, yau yaren wa kake koyarwa da shi? Na Holan?" Na ji haushi ƙwarai, na kwashe littattafaina na koma shago mai zafi, kuma ban sake shirya darasi a rumfa ba. Ban yarda darasina ne ya sa shi ba. Tun kafin in zo idonsa yake kan dakon nan. Abin da ya samu a wurina shi ne jin cewa manyan ƙasashe sun riga shi, kuma ba abin da ya same su sai arziki.

Akwai wata hanyar da ta zagaya ta cikin rafi, amma tana da nisa kuma yashi ne. Baffa bai kai ƙara wurin kowa ba, ita ya koma bi. Shanu su gaji, ƙafar amalanke ta nutse, lodin da ya kamata ya iso da hantsi ya iso da la'asar. Manoma suna son Baffa, amma rakensu yana bushewa a kwance. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zuwa suna ba shi haƙuri suna komawa wurin 'ya'yan Kawu, su kuma amalankensu ba ya tsayawa ko'ina sai rumfar ubansu. Wajen ƙarshen ranin wani bijimin Baffa ya karye a cikin rafin, dole aka yanka shi a nan.

Shekarar da ta biyo Baffa ya sayar da amalankensa, ya tattara iyali da garke ya koma wurin danginsa a ƙasar Doguwa, ta hanyar Riruwai. Ya yi sallama da jama'a a masallaci bayan sallar Juma'a, ya bi kowa ya ba shi hannu, har da Kawu. Ba a yi hayaniya ba. Wasu ma sun ce ai dama Fulani ba sa zama wuri ɗaya, alhali a bayan fadamar nan aka binne cibiyarsa.

Kawu ya samu abin da yake nema. Ya sayar da doki ya sayi injin dizal, ya yi wa rumfa rufin kwano, masu sarin mazarƙwaila suka riƙa zuwa har ƙofarsa. Duk damina sai ya sake dasa rogon da ba ya ci, ko da yake babu sauran wanda za a tare wa hanya. Ni kuma aka mayar da ni Bebeji, na yi aure, na ci gaba da zana teku a allo. Nakan je gaishe shi lokaci-lokaci. Na lura yanzu babu mai tsokanar sa. Daga manoma har 'ya'yansa kowa ya durƙusa ya ce Alhaji, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya tashi.

Shekaru sun ja, idonsa ya fara rauni, aikin ya koma hannun yara. Wani rani na same shi a rumfa yana zaune a kan buhu kamar da, sai dai babu dokin da zai yi wa faɗa, injin kuma ba ya bari a yi hira. Da aka kashe shi don sallar la'asar ya ce, "Malam, har yanzu kana ba yara labarin nan?" Na ce ina ba su, suna gyangyaɗi.

Ya ce, "Ingila da Holan ɗin nan, sun shirya daga baya?"

Na ce sun shirya. Faransa ce ta yi ƙarfi ta tsorata su duka biyun, har wani basaraken Holan ya tsallako ya hau gadon sarautar Ingila, suka haɗa kai. Fuskarsa ta washe, rabon da in ga haka na manta.

"Bayan yaushe?"

Na ce sama da shekara talatin daga fara rikicin.

"Su waɗanda suka yi dokar ne suka shirya?"

Na ce yawancinsu sun mutu, na bayansu ne suka shirya.

Ya murza carbinsa. Sannan ya ce, "Ni ba ni da shekara talatin. Ka zo ranar Asabar ka raka ni."

Kafin Asabar ɗin ya sa aka tumɓuke rogon aka kwashe shingen. Muka shiga motar haya zuwa Tudun Wada, muka sake wata zuwa Doguwa, daga nan 'yan acaɓa suka shiga da mu daji. Kawu yana rungume da ƙaramin buhun mazarƙwaila da ya zaɓa da hannunsa, ya ƙi yarda a ɗaure a baya. A hanya ya yi ta shirya abin da zai fara cewa. Wai zai ce wa Baffa ashe har yanzu yunwa ba ta kashe shi ba.

Baffa ya fito daga bukka yana dogara sanda. Ya tsufa ƙwarai, amma ya gane mu tun daga nesa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwa, aka kawo ruwa, aka dama fura da nono. Ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Sannu da hanya, Alhaji." Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi fadama, ya tambayi wanda ya mutu da wanda ya rage.

Kawu ya ce, "Ɗan Fillo, ka tsufa."

"Haka ne, Alhaji, kwana ya ja."

"Ashe yunwa ba ta kashe ka ba."

"Da sauran kwana, Alhaji. Alhamdu lillahi."

Kawu ya gyara zama. Ya ce ya zo ne a kan maganar shinge, ya sa an cire shi, kuma yana neman gafara. Ni kaina sai da na sunkuyar da kai. Baffa ya ce, "Ai gonarka ce, Alhaji. Na yafe tun tuni. Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Na tabbata da gaske yake, babu ko alamar riƙo a fuskarsa. Ya karɓi mazarƙwailar da hannu biyu, ya sa albarka, ya ce a raba wa jikoki.

Muka wuni a can. An yanka mana zabo, an yi mana duk abin da ake yi wa baƙo mai daraja. Kawu bai fasa ba, ya tsokani shanun, ya tsokani hular Baffa, ya tuno ranar da suka faɗa rafi tare suna samari. Duk wadda ya jefa, Baffa sai ya yi murmushi ya ce, "Haka aka yi, Alhaji." Na ji tausayin Kawu a ranar fiye da yadda na ji haushinsa a da.

Da la'asar 'yan acaɓan suka dawo ɗaukar mu. Baffa ya rako mu har inda suka tsaya, ya ba Kawu kwalbar man shanu, ya riƙe masa hannu har ya hau. Sannan ya dubi wanda zai tuƙa shi, wani Bahaushe da da alama sun saba, ya daki kafaɗarsa yana dariya ya ce, "Kai Kaɗo, ka bi a hankali, Alhaji ba yaro ba ne."

Kawu ya waiwaya da sauri har hularsa ta goce. Ya ga ba da shi ake ba. Ya gyara hular, ya rungume kwalbar man shanun, babur ya tashi.